RANAR DA FACEBOOK YA ƁACE: YADDA MASANA KE GANO CUTAR HANYOYIN SADARWAR KWAMFUTA

Gabatarwa

Ranar Litinin 4 ga watan Oktoba na shekarar 2021, da misalin ƙarfe 4:40 na yamma agogon Nijeriya da Nijar, saƙonnin WhatsApp suka daina tafiya. Facebook ya ƙi buɗewa, haka nan ma Instagram. Da farko kowa ya ɗora laifin a kan abin da ke kusa da shi. Wani ya kashe wayarsa ya sake kunnawa, wani ya duba ko datarsa ce ta ƙare, wani kuma ya hau sababi da kamfanin layinsa. Ba a jima ba aka fahimci cewa abin ruwan dare ne, domin kuwa daga Kano har Landan da Jakarta labarin ɗaya ne. Sai da aka shafe kimanin sa'o'i 6 kafin al'amura su fara daidaita. A tsawon wannan lokaci mutane fiye da biliyan 3 da ke amfani da manhajojin kamfanin sun rasa hanyar shiga, ciki har da 'yan kasuwar da ke karɓar ciniki ta WhatsApp da iyalan da ba su da wata hanya mai sauƙi ta jin lafiyar 'yan'uwansu na nesa.

Abin mamaki shi ne babu wayar da ta tsinke, babu gobara, kuma babu wani ɓarawo da ya yi kutse. Kwamfutocin kamfanin suna nan a kunne, hotuna da saƙonnin jama'a suna ciki ba abin da ya taɓa su. Hanyar isa gare su ce kawai ta ɓace, sanadiyyar umarni guda ɗaya da aka ba na'ura a lokacin wani aikin gyara na yau da kullum. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda saƙo ke tafiya tsakanin kwamfutoci, da tsarin da ƙwararren ma'aikacin sadarwa ke bi idan hanya ta toshe, sa'an nan ta koma kan abin da ya faru a wannan rana da darussan da ke cikinsa.

Yadda saƙo ke tafiya

Duk inda aka haɗa kwamfuta biyu ko fiye domin su yi musayar bayanai, to an sami hanyar sadarwa ke nan. A ɗakin kwamfuta na makaranta, wayar kowace na'ura takan tafi ta shiga wani ɗan akwati mai ramuka da yawa da ake kira suwic, wanda aikinsa shi ne sada na'urorin cikin gida da junansu. Daga nan sai wani akwatin da ake kira rauta, wanda yake tamkar zauren gida, ta cikinsa ake fita zuwa waje.

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Ana kasa shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli bai cika wuce nauyin haruffa 1,500 ba, kuma a bayan kowanne an rubuta adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Wannan adireshi, wato adireshin IP, lambobi ne kashi huɗu, kowane kashi daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.10. To, da yake ɗan Adam ya fi riƙe suna a kan lamba, sai wani masani ɗan Amurka mai suna Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin DNS a shekarar 1983. Tsarin kamar kundin lambobin tarho yake. Idan mutum ya rubuta sunan shafi, na'urarsa takan fara tambayar kundin adireshin wannan suna, sai ta sami amsa sa'an nan ta kama hanya.

Saura batun hanyar kanta. Intanet tarin hanyoyin sadarwa ne masu zaman kansu fiye da 70,000, na kamfanonin waya da jami'o'i da bankuna da gwamnatoci, kuma babu wani sarki guda da ke riƙe da taswirar dukkansu. Abin da ke faruwa ya yi kama da yadda madugai ke yi a zango a zamanin fatauci, inda kowane ke shaida wa ɗan'uwansa garuruwan da ake isa ta hanyar da ya fito. Manyan rautoci na kamfanoni haka suke yi dare da rana, kowace tana sanar da maƙwabtanta adireshin da ake samu ta wurinta, su kuma su isar da labarin gaba. Ƙa'idar wannan sanarwa ita ake kira BGP. Injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed da Yakov Rekhter, su suka fara zana ta a shekarar 1989 a kan takardun goge hannu na wurin cin abinci, lokacin wani taro a jihar Texas. Abin lura a nan shi ne, idan wata hanya ta daina sanar da kanta, sauran rautocin duniya sukan share ta daga lissafinsu cikin 'yan mintoci kamar ba a taɓa yin ta ba.

Daga tushe ake faro bincike

Tangarɗa ta daɗe tare da wannan fasaha, domin tun ranar farko aka fara cin karo da ita. Ranar 29 ga Oktoba, 1969, wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Charley Kline, ya yi ƙoƙarin aika kalma mai haruffa biyar zuwa wata kwamfuta da ke cibiyar bincike ta Stanford a kan hanyar ARPANET, wadda ita ce kakar intanet. Haruffa biyu kawai suka isa, L da O, sai na'urar can ɓangaren ta tsaya cik. Sai da aka yi kimanin sa'a guda ana gyara kafin saƙon ya tafi cikakke.

Bambancin ƙwararre da ɗan koyo a irin wannan hali shi ne tsari. Ɗan koyo yakan hau taɓe-taɓe, ya cire wannan ya canza wancan, idan Allah ya sa abu ya gyaru bai san dalili ba, idan kuma ya ƙara lalacewa bai san ta inda zai koma ba. Shi kuwa ƙwararre aikinsa irin na likita ne, sai ya yi tambaya ya auna kafin ya rubuta magani.

Domin sauƙaƙa wannan bincike, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta fito da wani fasali a shekarar 1984 da ake kira OSI, wanda ya kwatanta sadarwa da bene mai hawa 7. Hawa na 1 shi ne abin da ake iya taɓawa ko aunawa, wato waya da hasken da ke bin zaren gilashi da igiyar rediyo. Hawa na 2 ya shafi yadda na'urorin da ke maƙwabtaka ke gane juna. Na 3 shi ne adireshi da zaɓen hanya. Na 4 yana tabbatar da cewa kowane ƙulli ya isa kuma an jera su daidai. Sauran ukun na sama sun shafi buɗe zance da rufe shi, da fasalin bayanai, da kuma manhajar da mutum ke gani a allonsa. Kowane hawa a kan na ƙasa da shi yake zaune, saboda haka ɓata lokaci ne a tsaya binciken hawa na 7 alhali ɓera ya ci waya a hawa na 1.

A ɗauka cewa wata safiya malamin kwamfuta na wata makarantar sakandare ya tarar babu intanet a ɗakinsa, ga shi kuwa ana dab da rufe rajistar jarrabawa. Idan ma'aikacin sadarwa ya iso, tambayoyi uku zai fara yi kafin ya taɓa komai. Yaushe abin ya fara? Kwamfuta ɗaya ce ko dukkansu? Me aka canza kafin faruwar haka? Amsar tambaya ta biyu kaɗai takan rage masa rabin aiki, domin idan na'ura ɗaya ce ke da matsala to cutar tana jikinta ko a wayarta, idan kuwa duka ne sai ya nufi suwic ko rauta.

Daga nan sai ya duba 'yan fitilun da ke bakin ramukan suwic. Fitilar da ta mutu alama ce ta yankewar haɗi. Zai kuma lura da tsawon waya, don wayar tagulla irin ta ofis ba a yarda ta wuce mita 100 ba, idan ta zarce haka saƙo yakan raunana. Idan hawa na 1 lafiya yake, sai ya tambayi kwamfutar adireshinta. Adireshin da ya fara da 169.254 shaida ce cewa na'urar ta nemi a ba ta adireshi ba ta sami mai amsa mata ba, sai ta laƙaba wa kanta wanda ba ya fita waje.

Bayan haka sai ya ɗauko wani ɗan umarni da ake kira ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a watan Disamba na 1983. Sunan ya samo asali ne daga ƙarar da jiragen ƙarƙashin teku ke aikawa su saurari dawowarta domin gane abin da ke gabansu. Ping kamar sallama ce a ƙofar gida, a aika ƙulli ɗaya a jira amsa, a kuma auna lokacin da ta ɗauka. Ma'aikacin zai fara yi wa na'urar kanta sallama ta adireshin 127.0.0.1, sa'an nan rautar makaranta, sa'an nan wani sanannen adireshi na waje kamar 8.8.8.8 na kamfanin Google. Inda amsa ta tsaya, nan cutar take. Idan kuwa adireshin waje ya amsa da lamba amma shafi ya ƙi buɗewa da suna, to hanya a buɗe take, kundin sunaye ne ya ƙi ba da amsa.

Idan matsalar tana can nesa, akwai wani umarnin mai suna traceroute, na Van Jacobson. Shi kuma yakan lissafo duk rautocin da ƙulli ya ratsa ɗaya bayan ɗaya, zango bayan zango, har inda sawu ya ɓace. Wani lokaci binciken yakan nuna cewa abin ya fi ƙarfin makaranta da ma kamfanin layin. Haka aka gani ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa. Intanet ta yi rauni ƙwarai a Nijeriya da Gana da Laberiya da wasu ƙasashen yankin, kuma sai da jiragen ruwa na musamman suka yi makonni suna aiki kafin a kammala gyara. Wannan cuta ce ta hawa na 1, sai dai a ƙasan teku take.

Abin da ya faru a Facebook

Kamfanin Facebook, wanda ya koma Meta a ƙarshen watan Oktoba na 2021, yana da manyan rumbunan ajiye bayanai a ƙasashe daban-daban, kuma ya haɗa su da wata babbar jijiya ta zaren gilashi mallakarsa. Bisa bayanin da mataimakin shugaban kamfanin mai kula da wannan sashe, Santosh Janardhan, ya fitar kashegari, injiniyoyi suna cikin aikin gyara ne sai aka ba da wani umarni da nufin auna yawan sararin da ke kan wannan jijiya. Maimakon aunawa, sai umarnin ya datse dukkan haɗin da ke kanta. Akwai wata manhaja da aka tanada musamman domin tace irin waɗannan umarni ta hana mai haɗari wucewa, amma ita ma ashe tana da nata aibin, sai ta bar shi ya wuce.

Kuskure na farko sai ya haifi na biyu. Kwamfutocin kamfanin masu riƙe da kundin sunayensa an tsara su ne ta yadda duk wadda ta kasa jin ɗuriyar rumbunan bayanai za ta ɗauka ita ce ba ta da lafiya, ta janye sanarwarta ta BGP domin a tura jama'a wurin wata 'yar'uwarta. Dabara ce mai kyau idan ɗaya ce ta kamu. A wannan rana kuwa dukkansu suka rasa rumbunan a lokaci guda, saboda haka dukkansu suka janye. Cikin 'yan mintoci rautocin duniya suka share hanyar zuwa kundin, ya zamana duk wayar da ta tambayi adireshin Facebook ko WhatsApp ba ta samun amsa.

Abin bai tsaya kan kamfanin kaɗai ba. Da manhajoji suka ga ba amsa sai suka dinga maimaita tambaya, mutane su ma suka dinga latsawa ba ƙaƙƙautawa. Kamfanin Cloudflare, mai gudanar da wani babban kundin sunaye na jama'a, ya ce tambayoyin da suka riƙa zuwa masa sun ninka na kullum har sau 30. Shi kuwa mai manhajar Telegram, Pavel Durov, ya ce sababbin mutane fiye da miliyan 70 ne suka yi rajista da su a ranar.

Me ya sa gyaran ya ɗauki sa'o'i 6? Dalili shi ne kayan aikin da injiniyoyin ke amfani da su wajen bincike da shiga rautoci daga nesa duk a kan wannan hanyar da ta mutu suke, har ma da hanyar ko-ta-kwana da aka tanada. Sun zama kamar mai gidan da ya kulle ƙofa ya bar mabuɗi a ciki. Dole aka tura mutane da ƙafarsu zuwa rumbunan, waɗanda kuma aka gina su da tsaro mai tsanani domin hana kowa shiga ko taɓa na'urori cikin sauƙi. Matakan da aka ɗauka don maganin ɓarawo su suka jinkirta masu gida.

Ko da aka maido da jijiyar, ba a buɗe ƙofa gaba ɗaya ba. Wutar lantarkin da kowane rumbu ke sha ta ragu da megawat gommai saboda rashin aiki, kuma da an saki jama'a a lokaci guda, tashin nauyin zai iya lalata kayan wuta ya sake durƙusar da komai. Sai aka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, bisa abin da aka koya daga atisayen da kamfanin ya saba yi, inda yakan kashe wani rumbu da gangan domin ganin yadda sauran za su ɗauki nauyinsa.

Irin wannan kuskure na BGP ya taɓa tasowa daga Nijeriya. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne da ke Legas, a lokacin wani aikin inganta na'urorinsa, ya sanar da wasu hanyoyin Google ga wani kamfanin ƙasar Sin bisa kuskure. Labarin ya bazu, saƙonnin mutane da dama masu nufin Google suka karkata ta Rasha da Sin suka maƙale. An yi kimanin minti 74 kafin a gyara, kuma kamfanin ya fito ya amsa kuskurensa.

Darussa ga mai kula da sadarwa

Darasi na farko shi ne, idan abin da ke aiki jiya ya ƙi aiki yau, canjin da aka yi na ƙarshe shi ne abin tuhuma na farko. Don haka ne ƙwararru ba sa canza komai sai sun rubuta abin da za su yi, da lokacin, da yadda za su koma baya idan abu ya ƙi. Sukan kuma adana kwafin saitin kowace rauta kafin su taɓa ta.

Na biyu, hanyar ko-ta-kwana ba ta da amfani idan igiya ɗaya ce ta ɗaure ta da babbar hanya. Ko a ƙaramar makaranta, lambobin sirri da taswirar wayoyi da lambar wayar kamfanin layi sun cancanci a same su a rubuce a takarda cikin kabad mai makulli, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, na'urar da aka ɗora wa tsaro ita ma tana bukatar a riƙa gwada ta. Na huɗu kuma, bayan an gyara, sai a rubuta abin da ya faru tsakani da Allah ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba, domin wurin da ake hukunta mai faɗin kuskurensa, kowa ɓoye nasa zai yi har ya girma.

Takardar shaidar ƙwarewa

Da yake aikin yana da haɗari haka, masu ɗaukar ma'aikata sukan nemi shaidar cewa mutum ya san abin da yake yi. Kamfanin Cisco na Amurka, wanda ya shahara wajen ƙera rautoci da suwic, ya fito da takardar CCIE a shekarar 1993. Tana cikin mafiya tsauri a jerin takardunsa, domin bayan jarrabawar rubutu akwai ta aiki da hannu mai tsawon sa'o'i 8. A 1998 ya ƙara da CCNA domin masu farawa, wadda jarrabawarta ke ɗaukar minti 120. Ƙungiyar CompTIA kuma tana ba da takardar Network+ tun 1999, ita ba ta ta'allaƙa da kayan wani kamfani guda ba. A manhajar karatunta an jera matakan bincike kamar haka: gane matsala, yin hasashen dalili, gwada hasashen, tsara gyara, aiwatar da shi, tabbatar da cewa komai ya koma daidai, sa'an nan rubuta rahoto. Waɗannan takardu shekara 3 suke yi sai a sabunta su, saboda fasahar ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fage zai iya fara shiri tun yana sakandare. Lissafi shi ne kan gaba, musamman ƙidayar 0 da 1, domin adireshin IP a haƙiƙa jerin 0 da 1 ne guda 32, kuma 255 ba komai ba ce illa 1 guda takwas a jere. Daga nan ɗalibi zai iya gano da kansa cewa wannan tsari adireshi kimanin biliyan 4.3 kawai yake iya samarwa, abin da ya sa aka ƙirƙiro sabon tsari na IPv6 mai jeri 128. Ilimin fiziks yana taimakawa wajen fahimtar lantarki da haske, Ingilishi kuma wajen karanta littattafan na'urori. Su ma malamai ba sai sun jira kaya masu tsada ba. Tsofaffin kwamfutoci biyu da waya ɗaya sun isa a koyar da ba da adireshi da yin ping, kuma Cisco yana ba da manhajar Packet Tracer kyauta ga masu rajista da makarantarsa ta intanet, inda ake gina hanyar sadarwa a kan allo a lalata ta a sake gyarawa.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ya tsayar da kamfani mai tarin injiniyoyi a 2021 da abin da kan tsayar da ɗakin kwamfuta na makaranta duk a bene ɗaya ake neman su, kuma da tambayoyi iri ɗaya. Takardar shaida tana buɗe ƙofar aiki, amma haƙuri da bin tsari da ajiye rubutu su ke riƙe mutum a cikinsa. Yana da kyau malamai su riƙa cire waya ɗaya ko su canza adireshi ɗaya da gangan kafin a shiga aji, su bar ɗalibai su nemo inda cutar take, kowa ya rubuta matakan da ya bi a littafinsa.